Fita Waje Aikin Baya: Gaskiyar Magana da Ƙanzon Kurege

A Yangoji, kamar sauran garuruwan yankin Kwali, ciwon baya ba baƙo ba ne. Manomin doya ya san shi, direban da ke wuni kan titin Abuja zuwa Lokoja ya san shi, haka matar da ke ɗauko itace daga daji. Abin da ya zo sabo shi ne maganar da ke biyo bayan ciwon. Da zarar an ce hoto ya nuna wani abu a ƙashin baya, sai ka ji 'yan uwa na cewa a haɗa kuɗi a fita da shi Indiya ko Masar, wai in aka bari aka taɓa shi a gida, ya gurgunce ke nan. Magana ce da ke iya kai iyali ga sayar da gona, don haka ta cancanci a sheƙe ta, a raba tsaba da ƙaiƙayi.

Babban kuskuren yana faruwa ne tun kafin a zo batun ƙasa. Mutane sun ɗauka in hoton MRI ya nuna faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya lalace ko ya turo, to sai wuƙa. Ba haka ba ne. A 2015 an tattara binciken hotunan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan, aka tarar kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya fara lalacewa, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Ke nan hoton na iya nuna tsufa ne kawai. Mafi yawan ciwon baya yana lafawa cikin makonni shida, kuma ko wanda ke sauka ƙafa saboda faifan ya danne jijiya, galibi yana sauƙi cikin wata biyu zuwa uku da magani, da motsa jiki, da gashi a asibiti. A ƙasar Holan an gwada wannan a kan majinyata 283, aka buga sakamakon a 2007: waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun riga samun sauƙi, amma da shekara ta zagayo, su da waɗanda aka jinkirta wa duk ɗaya suke. Likitan ƙwarai mutum yake dubawa. Wanda ya kalli hoton da aka tura masa ta WhatsApp, bai taɓa majinyaci ba, bai gwada ƙarfin ƙafarsa ba, ya yanke ranar aiki da farashi, ni dai ba zan miƙa masa bayan ɗan'uwana ba.

Akwai kuma wani ciwon bayan da jirgi ba ya cikin maganinsa. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ba abu ne mai wuyar samu a Najeriya ba. Alamunsa ciwon da ba ya barin mutum ko yana kwance, da rama, da zufar dare, wani lokaci da ƙusumbi da ke fitowa a hankali. Maganinsa ƙwayoyi ne na wata 9 zuwa 12, kuma kyauta ake bayarwa a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta. Mutanen Yangoji, da ke maƙwabtaka da unguwar Alheri ta waɗanda suka yi fama da kuturta, sun fi kowa sanin abin da jinkirin magani ke yi wa jiki. Wasu masu wannan cuta kan buƙaci aiki, amma ko an yi, ƙwayoyin ne ke kashe cutar.

To, gaskiya ne ba a iya aikin baya a Najeriya? Ƙarya ce. Ana yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, nan kusa da mu, ana yi a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitin ƙashi na Dala a Kano, da Malam Aminu Kano, da Shika a Zariya, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta asibitin koyarwa na Sakkwato. Amma masu tsoro ba su rasa hujja gaba ɗaya ba. Ƙwararrun ba su da yawa, wasu sun yi ƙaura, akwai layi, akwai yajin aiki, na'urori kan tsaya. Manyan asibitocin Indiya da Masar kuwa suna yin aikin da yawa, kuma yawan yi yana ƙara gwaninta. Akwai lalurori masu sarƙaƙiya, kamar karkacewar baya mai tsanani ko wasu nau'o'in ƙari, da likitanka na gida da kansa zai iya ce maka ka fita. Wannan fitar daban take da wadda dillali ya shirya, domin da yawan dillalan nan la'ada suke karɓa a kan kowane majinyacin da suka kai. Hatsarin taɓa jijiya kuma yana tare da aikin a ko'ina aka yi shi, shi ya sa a Delhi ma sai ka sa hannu a takarda.

Wurin da jita-jitar nan ta fi yin ɓarna shi ne lokacin gaggawa. Idan mai ciwon baya ya ji matsematsinsa da duburarsa sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya fara zuba bai sani ba, ko ƙafafu biyu suna saki, to jijiyoyin ƙasan baya ne aka matse, kuma ana so a buɗe musu cikin kwana ɗaya ko biyu. Biza ba ta fitowa a wannan lokaci. Wanda ya zauna jiran fasfo da taron dangi na iya rasa riƙon fitsarinsa har abada, alhali Gwagwalada na nan a bakin hanya. Haka wanda hatsarin mota ya rutsa da shi a titin nan namu: yadda aka ɗauke shi daga wurin ya fi ƙasar da za a kai shi muhimmanci. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi da ƙarfi, wuya da baya a miƙe, kar a naɗe shi a bayan mota ko a kan babur, kar kuma a kai shi wurin mai ɗori a ja. In laka ta tsinke gaba ɗaya, har yau babu asibitin da ke haɗa ta a duniya. Masu tallar allurar ƙwayoyin halitta da alkawarin mutum zai miƙe, abin da ba a tabbatar ba suke sayarwa, kuma da tsada.

Batun cewa a waje ya fi araha, a taƙaice: farashin da ake turowa daga can na aikin ne da 'yan kwanakin gado. Tikitin mutum biyu, masauki, abinci, da duk wata matsala da ta ɓullo, a aljihunka suke, kuma da dala, wadda ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Indiya kuma ba ta wasa da katin rigakafin shawara.

Sai jinya, wadda ita ce ake mantawa. Aikin na 'yan awoyi ne, warkewar ta watanni ce, kuma a Yangoji za a yi ta. Masu cewa da an fito ɗakin tiyata an gama sun yi kuskure, haka masu cewa sai an kwanta wata uku ba motsi. Yawanci ana tayar da majinyaci ya taka a ranar ko washegari, domin kwanciya tana kashe tsoka tana jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Wannan daskarewar ce ta sa gaggawar dawowa ke da hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na awa 4 ko fiye yana ninka hatsarin, tiyata kuma tana ƙara nata, ga shi dawowa daga Indiya galibi sai an ya da zango a wuri irin Addis Ababa ko Doha, sannan a hau mota daga filin jirgi zuwa gida. Likitan da ya yi aikin ne zai faɗi ranar tashi, ba ranar da ke jikin tikiti ba.

In an ɗaure ƙasusuwa da kusoshi, haɗewarsu na ɗaukar wata 3 zuwa 6, wani har shekara, kuma taba sigari tana hana ƙashi kamawa. Ƙarfen ba ya tsatsa, kuma mafi yawan na yanzu ba ya hana shiga MRI, sai dai a sanar da masu hoton. Faifan da aka rage yana iya sake turowa a wasu mutane, ko a ina aka yi aikin. Manomi ya haƙura da sunkuyo da ɗaukar buhu har likita ya sake shi, ko da damina ta wuce. Mai salla kuma addini ya yi masa rangwame, ya yi a zaune har ya samu ƙarfi.

Wanda ya yanke shawarar fita, kar ya tashi sai ya samu likita a gida da ya yarda zai ci gaba da duba shi, da wurin da zai riƙa zuwa gashi. Ya dawo da cikakken rahoton aikin cikin Turanci, da sunan ƙarfen da aka sa da kamfaninsa, da hotunan kafin aiki da bayansa, da sunayen magungunan na asali don a same su a nan. In an kwantar da shi a gida daga baya, ya faɗa wa likita an yi masa aiki a waje, domin akwai ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani da ake ɗaukowa a asibitoci, irin waɗanda aka fara ganowa a 2008 a jikin wani da ya yi jinya a Delhi. Zazzaɓi, ko ruwa na fita daga ɗinkin, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, duk ba na jiran amsar saƙo daga ƙetare ba ne, a ranar za a nufi asibiti.