Na'urar lantarki ba ta narkar da gudan jini

Sau uku saƙon nan ya shigo wayata cikin mako guda: a zauren WhatsApp na dangi, a na tsofaffin 'yan ajinmu, sai kuma Goggo da ta turo min shi haɗe da muryarta tana tambaya, "Ɗana, a haɗa kuɗi a saya wa Baffanka?" Hoton wata 'yar na'ura ce mai batir, da wayoyi da ake manna wa a fata. Wai tana warkar da shanyewar ɓarin jiki, tana kashe ciwon baya da na gwiwa, tana zuƙe guba ta tafin ƙafa, kuma likitoci na ɓoye ta don kada kasuwarsu ta mutu.

Zancen guba shirme ne, wannan aikin hanta da ƙoda ne. Zancen ɓoyewa ma haka, domin irin na'urar na nan a sashen gashi na manyan asibitocinmu, a gaban kowa ake amfani da ita.

Akwai gaskiya a batun ciwo. Sunan na'urar TENS, kuma ta samu gindin zama ne bayan 1965, lokacin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka yi bayanin yadda motsa jijiyoyin fata ke iya rage saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Dalilin ke nan da mutum ke murza gwiwa in ya buge. Wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu, kuma sauƙin yawanci na ɗan lokaci ne. Ba a manna ta a maƙogwaro ko a kan cikin mai juna biyu, haka kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya ya nisance ta.

Layin da ya hana ni barci shi ne na ƙarshe a saƙon: wai na'urar na narkar da gudan jinin da ya toshe, don haka ba sai an je asibiti ba, maganin hawan jini ma a ajiye shi. Wanda ya rubuta wannan bai ji tsoron Allah ba, kuma masu turawa ba tare da tambaya ba suna da nasu kason.

Hannun da ya shanye ba shi ne wurin da cutar take ba. A ƙwaƙwalwa take. Ko dai hanyar jini ta toshe, wanda shi ya fi yawa, ko kuma ta fashe jini ya zuba. Lantarkin da ke motsa fatar hannu ba ya isa can. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ne ke raba tsakanin toshewa da fashewa, kuma maganinsu ya sha bamban. Allurar da ke narkar da gudan jini da gaske, alteplase, a ƙa'ida cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamun ake yin ta, a inda ake da ita. Duk awar da aka ɓata ana manna wayoyi a tsakar gida, wani sashe na ƙwaƙwalwa na mutuwa. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe? A ɗauko mota, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara.

Shi kuwa hawan jini, shi ne babban abin da ke jawo cutar, kuma wanda ta taɓa kamawa yana cikin haɗarin ta dawo. Ajiye ƙwayar nan saboda na'ura buɗe mata ƙofa ne.

Ba a ce lantarki ba shi da gurbi a jinya ba. Tun 1961 ake amfani da shi wajen ɗaga ƙafar da ke ja a ƙasa idan mai shanyewar jiki na tafiya. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Vivistim, wadda ake dasawa a ƙirji ta hanyar tiyata tana motsa wata jijiya a wuya. Amma ita ma tare da atisayen hannu take aiki, ana maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa har ƙwaƙwalwa ta koyi sabuwar hanya. Mafi yawan farfaɗowa a watanni uku zuwa shida na farko ake samu, sai dai ci gaba bai tsaya nan ba ga mai dagewa.

Ban ga laifin Goggo ba. Wata takwas tana juya ƙaninta Baffa a shimfiɗa, tana ba shi abinci a baki, kuɗin mota zuwa gashi ya cinye jarinta. Duk wanda ya ɗanɗana wannan zai so jin cewa sauƙi na nan cikin kwali.

Na kira ta na ce, "Goggo, kuɗin na'urar nan a bar shi ya zama na mota da na magani. In kafaɗar Baffa ce ke damunsa, ranar gashi a tambayi likitan fisiyo ko TENS ta dace da shi, tunda ɓarin nan ba ya jin taɓi sosai." Ta yi shiru, sannan ta ce kwana huɗu ke nan maganin hawan jinin ya ƙare. A daren aka sayo.