Ko Kun Sani? Baƙin Maɓalli Guda

Ko kun san ɗaga sauti guda ne ya haifar da tsanin kiɗan Turai mai suna hamonik maino? A fiyano, a fara daga A, a bi fararen maɓallai har F, sai a tsallake G a danna baƙin da ke gabansa. An yi haka ne don sauti na bakwai ya matso dab da mafari, kunne ya ƙosa a sauka. Sai dai gyaran ya bar wawakeken giɓi tsakanin na shida da na bakwai, mai wuyar rerawa, mai ƙamshin maƙamin Hijaz na Larabawa. Makaɗin jita ɗan Suwidin, Yngwie Malmsteen, ya sha amfani da wannan tsani a kundinsa Rising Force na 1984.