Kaska: Ɓarnar Da Take Bari Bayan Zazzaɓi Ya Sauka

Gabatarwa

A yankin Lafiya, Doma, Awe da Keana, da zarar ruwan farko ya sauka a watan Afrilu ko Mayu, kaska takan yawaita a makiyaya. Makiyayi ya san ta da shan jini da kuma kirci. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ɓarnar da ke biyo baya: saniya ta warke amma ta ƙi ɗaukar ciki, san huɗa ya kasa ƙarasa kunya, mai kiwon kansa kuma ya yi watanni yana fama da kasala. Wannan bayani zai taimaka maka, malamin gona da kai manomi, ku gane alaƙar waɗannan abubuwa.

Yadda kaska ke raunana dabba

Babbar kaska mai zane a baya, wadda ke maƙalewa a hantsa, ƙirji da maraina, ita ce ke yaɗa ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya, kuma tana buɗe wa kirci ƙofa. Macenta ɗaya na iya zuba ƙwai har 20,000. Ƙaramar kaska mai launin shuɗi kuwa takan yi kimanin mako 3 a jikin dabba ɗaya, tana sa mata ƙwayoyin cutar da ke farfasa jini. Alamominsu su ne zafin jiki da ya kai digiri 40 zuwa 41, fitsari ja, da farin ido ko shawara.

Allura kan kashe ƙwayar cuta cikin 'yan kwanaki, amma jinin da ya lalace sai an yi makonni kafin ya dawo. Idan ka ɗaura wa sa garma a wannan lokaci, za ka ga yana haki yana kwanciya. Wannan ba ƙyuya ba ce, ƙarancin jini ne. Ka hutar da shi, ka ƙara masa harawa, dusa da gishiri.

Kaska da sha'anin haihuwa

Akwai sinadarai a jiki, waɗanda masana ke kira homon, da ke tsara lokacin da saniya za ta nemi barbara, wato kusan duk kwana 21. Idan zazzaɓi da rama suka taru mata, jiki kan rage fitar da su domin ya tanadi ƙarfinsa, sai neman barbara ya tsaya. Mai ciki kuma tana iya yin ɓari. Bijimin da ya yi zazzaɓi mai tsanani, maniyyinsa kan yi rauni har kimanin wata 2. Haka nan kaskar da ta lalata kan nono takan hana maraƙi samun abin sha. Saboda haka kada ka yi gaggawar kai saniya kasuwa da sunan juya ce, sai ma'aikacin dabbobi ya duba jininta.

Lafiyar mai kiwo

Kaskar nan mai zane tana cizon mutum, tana sa masa zazzaɓi da ciwon kai, da baƙin tabo a wurin cizon da kaluluwa. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a yi ta shan maganin da ba nasa ba. Akwai kuma zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini, wanda aka daɗe da gano ƙwayarsa a kaska da dabbobin Najeriya. Shi ya sa murje kaska da farce ke da haɗari.

Wani ciwon shi ne zazzaɓin Q. Kaska na ɗauke da ƙwayarsa, amma mutum ya fi kamuwa ta shaƙar ƙurar wurin da akuya ko tunkiya ta haihu ko ta yi ɓari. A ƙasar Holan, tsakanin 2007 da 2010, sama da mutum 4,000 suka kamu daga gonakin awaki. Kimanin ɗaya cikin biyar na masu irin wannan ciwo kan ci gaba da jin gajiya mai tsanani bayan zazzaɓin ya wuce, wasu har shekaru.

Sai dai ba kowace gajiya ce ta kaska ba. Raunin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ciwon suga, ƙarancin jini da tarin fuka duk suna kawo irin wannan kasala. Idan gajiya ta wuce wata guda, musamman ga macen da al'adarta ta rikice ko ta yi ɓari, a je asibiti a yi gwajin jini. Ka gaya wa likita cewa kana kiwo, da ranar da kaska ta cije ka.

Matakan da za ka ɗauka

1. Fara feshi ko wanka da maganin kaska tun farkon damina, bisa awon da ke jikin kwalba. Kada ka yi amfani da maganin feshin gona ko baƙin mai.

2. Kula da kofato. Binciken cibiyar CIRDES da ke Bobo-Diyulaso ya nuna babbar kaska takan fara kama tsakanin kofato a makiyaya, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta koma hantsa. Bi da shanu ta cikin kwarmin ruwan magani da yamma yana kashe ta tun kafin ta hau.

3. Keɓe sabuwar dabba ka yi mata magani kafin ta shiga garke. Wata shuɗiyar kaska mai jure magani da aka fara gani a Kwaddibuwa a 2007 ta riga ta iso Najeriya.

4. Manufa ita ce rage kaska, ba ƙarar da ita kakaf ba, domin maraƙin gida da ya gamu da kaɗan tun yana ƙarami yakan sami kariya.

5. Cire kaska daga jikinka da hantsaki, ka kama dab da fata ka ja a hankali. Kada ka ƙona ta ko ka zuba mata kananzir.

6. Sa leda ko safar hannu wajen ɗaukar mabiyiya da ɗan ɓari, ka binne su da zurfi. Mai ciki ta nisanci wurin. A tafasa madara kafin a sha.

Kammalawa

Malamin gona, idan ka kai ziyara ruga ko garke, kada tambayarka ta tsaya kan dabbobin da suka mutu. Tambayi shanu nawa ne suka shekara ba su haihu ba, da wanda ya daɗe ba ya iya fita gona a gidan. Rahoton da ka kai ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha a Lafiya shi zai sa a ɗebi jini a aika Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom domin tantancewa. Rigakafi ya fi magani.