Tramol da ciwon baya a ƙasar Adar: wanda ya fara don ciwo, yaya zai daina?

In an ambaci Tramol, wato tramadol, a Madawa ko Buza, hoton da ke faɗo wa mutane a rai shi ne na yaro ɗan kabu-kabu, ido jawur, yana sheƙa gudu a tsakiyar kasuwa. Akwai shi, babu musu. Amma akwai wani mai sha da ba a cika sa shi a lissafi ba, alhali shi ya fi wuyar magani: magidanci ɗan shekara hamsin a Deule wanda bayansa ya daɗe da riƙewa, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko mai amosanin jini da aka saba miƙa wa ƙwayar duk sanda ciwon ya motsa. Waɗannan ba maye suka fita nema ba. Sauƙi suka nema, suka kuwa samu, daga baya sauƙin ya zame musu dabaibayi.

Adar ƙasar dutse ce, abincinta kuma da ƙashin baya ake nemansa. Noman gero a kan fako, ban ruwan albasa a duƙe tun asuba a fadamun Madawa, jan guga a rijiya mai zurfi. Ko babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a Keita a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka ɗauki yawancin duwatsunsa a ka, don maza sun tafi ci-rani. Su kuma mazan dako suke yi a Abijan da Legas da Libiya, wasu tun 2014 suna haƙar zinariya a Jado. Jiki yana rubuta bashi, in shekaru suka ja sai ya zo karɓa.

To ina mai ciwon zai nufa? Likita na nesa, kuma abin da majo yake da shi bai wuce farasitamol da ibuprofen da diclofenac ba, waɗanda in an daɗe ana shan biyun ƙarshe suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Mai tallan magani kuwa ran kasuwa yana nan da tirensa, ba ya neman takarda, yana ma ba da bashi. Ƙwayar da ake rubutawa a asibiti miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a yarda a haura 400 a yini ba. Ta kan tire tana zuwa da 120, da 200, da 225, har 250. Ƙwaya biyu kawai ta 225 ko 250, mutum ya tsallake iyaka.

Kayan daga Indiya akasari suke fitowa, su sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas, su hauro arewa. A watan Satumba na 2017 an kama fiye da ƙwaya miliyan 3 a Nijar cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2018 Indiya ta ƙara matsa dokar fitar da tramadol, sai ƴan kasuwa suka sake dabara. Binciken da BBC ta fitar a Fabrairun 2025 ya nuna wani kamfani a Mumbai, Aveo, yana haɗa tapentadol, wanda ya fi tramadol ƙarfi, da carisoprodol, yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol. Mai saye a ƙauye har yanzu Tramol yake ce mata. Yawan abin ya kai a 2013 wasu masana suka ce sun gano tramadol a saiwar tafashiya, aka yi ta murna. Shekara ta zagayo masu bincike daga Jamus suka nuna cewa daga fitsarin shanun da ake ɗura wa ƙwayar a arewacin Kamaru ya shiga ƙasa.

Yadda tarkon ke kama mai ciwo shi ne abin da ya kamata kowane gida ya gane. Jiki yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Ran da aka kwana ba a sha ba, sai gumi, da hamma, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Mai ciwon baya ba zai ce jikinsa ne ke neman ƙwaya ba, cewa zai yi ciwon ne ya dawo da ƙarfi, don haka ya ƙara. Wani lokaci ma ƙwayar da kanta ke sa jijiyoyi su ƙara jin zafi. Tramadol kuma baki biyu gare shi: yana aiki irin na dangin mofin, yana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu riƙe da walwala. Shi ya sa wanda ya daina kwatsam yake faɗawa cikin fargaba da ƙuncin rai, wanda ya zarce kuma yake faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Sau nawa aka kira mai ruƙiyya a kan abin da ke cikin aljihun majinyaci?

Sai dai a bambanta abu biyu. Sabon jiki daban, jaraba daban. Duk wanda ya daɗe yana sha jikinsa zai saba, ko da liman ne. Jaraba ita ce lokacin da mutum ya sayar da tiyar gero ya sayi ƙwaya, yana ɓoyewa, yana ganin ɓarnar amma ya kasa tsayawa. Haɗa su duka a kira su ƴan ƙwaya shi ke sa dattijo ya gwammace ya mutu da sirrinsa.

Abin takaicin, ga ciwon baya da gwiwa da ya daɗe, ƙwayar ba ta ma cika alkawarinta. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2018, kan majinyata 240 da aka bi tsawon shekara guda, ya nuna masu shan dangin mofin ba su fi masu shan sauran magunguna samun sauƙi ba. Amurkar ta koyi darasin nan da tsada, tun daga fitowar ƙwayar OxyContin a 1996 har zuwa mutuwar fiye da mutum 80,000 ta dalilin dangin mofin a 2021. Ta kuma koyi na biyu: da likitoci suka tsorata suka riƙa yanke wa majinyata magani rana ɗaya, wasu suka koma kasuwar bayan fage, wasu suka kashe kansu, har hukumar magunguna ta ƙasar ta ja kunne a 2019.

Maganin da aka tabbatar ba shi da kwarjini. Ragewa ce sannu a hankali, ga wanda ya shekara yana sha kamar kashi 10 cikin 100 a wata, da ƙwaya ta gaskiya wadda aka san nauyinta, ana kuma kula da ciwon da ya kawo shi: motsa jiki, gashi, sauƙaƙa masa aiki, duba ko akwai damuwa a ƙasa. Wanda jarabar ta yi wa nisa akwai methadone da buprenorphine, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magungunan dole tun 2005. Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD a Dakar a ƙarshen 2014 don wannan aiki. Amma mutumin Deule in aka ce masa ya tafi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ko asibitin Kware kusa da Sakkwato, kuɗin mota da kunya sun isa su zaunar da shi. Ɗaure mutum da mari kuwa, irin abin da ƴan sanda suka bankaɗo a Rigasa da Daura a 2019, ba ya cire ciwon baya. Yana ma da haɗari: wanda aka tsare wata biyu ya fito ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa.

Jami'an OCRTIS masu yaƙi da fataucin ƙwaya da ƴan duwan su ci gaba da kamu, aikinsu ne. Sai dai in aka tsaya nan, masu amosanin jini da masu ciwon daji, waɗanda su ke da haƙƙin magani mai ƙarfi, su za su fara shan wuya. Wani rahoton mujallar Lancet na 2017 ya ce rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa. Don toshe wannan giɓi, Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta mofin tun 2004.

A ganina, a hannun majo maganin nan yake. Ma'aikatar lafiya ta horar da majo-majo na Madawa da Buza da Keita kan yadda ake rage ƙwaya, ta ba su ta gaskiya da littafin lissafi, ta kuma bar mutum ya faɗi nawa yake sha a yini ba tare da tsoron jandarma ba.