Ranar 25 ga watan Fabrairu a tarihin baƙaƙen fatan Amurka

Ranar 25 ga watan Fabrairu ta sha zuwa da abubuwan da suka ɗaga martabar baƙaƙen fata a Amurka, a fagen siyasa da wasanni da kuma waƙa.

A irin wannan rana ce a shekarar 1870 aka rantsar da Hiram Revels na jihar Mississippi a matsayin baƙar fata na farko a majalisar dattijan ƙasar, ƙasa da shekaru biyar bayan haramta bauta. Sai dai ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba, domin daga 1881 har zuwa 1967 babu baƙar fata ko guda a majalisar.

Haka kuma a wannan rana a 1964, Cassius Clay mai shekaru 22 ya ƙwace kambun damben duniya na ajin masu nauyi daga hannun Sonny Liston a Miami Beach, bayan da Liston ya kasa fitowa turmi na bakwai. Jim kaɗan bayan nan Clay ya bayyana cewa ya shiga ƙungiyar Nation of Islam, aka kuma raɗa masa suna Muhammad Ali. A 1967 an tuɓe masa kambun saboda ƙin shiga aikin soja lokacin yaƙin Vietnam.

A 1986 kuwa, waƙar "We Are the World" ta lashe lambobin yabo na Grammy huɗu. Michael Jackson da Lionel Richie ne dai suka rubuta ta, domin tara kuɗin agaji ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha da wasu ƙasashen Afirka.