Abuja: Yadda 'yan asalin birnin suka zama baƙi a ƙasar kakanninsu

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata zaune tana ginin tukwane. Ita ce Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan 'yar ƙabilar Gbagyi daga garin Kwali, wanda a yau yake cikin Babban Birnin Tarayya. Hotonta na yawo a aljihun miliyoyin 'yan Najeriya, amma a dokar ƙasa danginta ba su mallaki ko taku ɗaya na ƙasar da aka haife ta a kai ba.

Wannan shi ne tushen koken da 'yan asalin Abuja suka daɗe suna yi. Ƙungiyoyinsu na lissafa ƙabilu tara: Gbagyi da Gbari, waɗanda Hausawa ke haɗawa su kira Gwari, sai Gade, Gwandara, Koro, Bassa, Ganagana, Egbira da Amwamwa.

Yadda lamarin ya faro

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda domin duba yiwuwar ɗauke babban birni daga Legas. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, don haka ana neman wuri a tsakiyar ƙasa, wanda babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne.

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da sabon birnin, aka kuma kafa shi da Doka ta 6 ta wannan shekarar. An yanko kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan lokacin. Hatta sunan aro aka yi: tsohon garin Abuja, wanda Sarki Abu Ja na zuriyar Haɓen Zazzau ya kafa a 1828, ya bar wa sabon birnin sunansa, ya koma Suleja.

Alƙawarin farko shi ne gwamnati za ta kwashe duk mazauna yankin, ta tsugunar da su a waje da kuɗinta. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe Murtala. Da aka shiga ƙidaya, sai aka tarar mutanen sun fi yadda aka zata nesa ba kusa ba, kuɗin kwashe su kuma ya fi ƙarfin aljihun gwamnati.

A 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta sauya shawara: waɗanda aikin ginin birnin ya shafa kai-tsaye za a tayar, sauran su ci gaba da zama. Wasu sun koma Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu Sabon Karu a Jihar Nasarawa ta yanzu, amma mafi yawa sun tsaya a ƙauyukansu.

Abin da ba a sauya ba shi ne dokar da ta ƙwace ƙasar. Mutane suka zauna, amma mallakar ta tafi.

Ƙasar ta wa ce?

Sashe na 297 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wani fili a Babban Birnin Tarayya mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Ministan Abuja ne ke da ikon raba fili da ba da takardar mallaka. Shugaban ƙaramar hukuma ko sarkin gargajiya ba shi da wannan hurumi.

A aikace, manomin da ya gaji gonar doya daga kakansa zai iya wayar gari ya ga an kafa turaku, an ba wani kamfanin gina rukunin gidaje. Idan za a biya shi diyya, ta amfanin gona ce da itatuwa da ginin da ke wurin. Ita ƙasar ba a biyan kuɗinta, domin a idon doka ba tasa ba ce. Filin da aka sallame shi da kuɗin 'yan bishiyoyi kuma shi ne za a yanka fulotai a sayar da miliyoyi.

Tun da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, birnin ke faɗaɗa yana lashe ƙauyuka. An samar da matsugunai a Kubwa da Apo, an kuma fara wasu a Wasa da Shere-Galuwyi, waɗanda aikinsu ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Babban ƙorafin waɗanda aka tayar shi ne, ko an ba su gida, ba a ba su gona. Manomi kuwa in ba gona, an raba shi da sana'a. Akwai kuma maƙabartu da wuraren al'ada da ba su ɗaukuwa a mota.

Ba gwamna, ba majalisar jiha

Matsala ta biyu ita ce ta wakilci. Sashe na 299 ya ce a ɗauki Abuja tamkar ɗaya daga cikin jihohi, amma Shugaban Ƙasa ne ke matsayin gwamnanta, Majalisar Tarayya kuma ita ke yi mata dokoki. Ministan da ke tafiyar da birnin naɗa shi ake yi, jama'ar wurin ba su zaɓe shi ba, ba su kuma da hanyar cire shi.

Abuja na da sanata ɗaya, 'yan Majalisar Wakilai biyu da ƙananan hukumomi shida: Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Jihar Bayelsa, wadda masu rajistar zaɓenta ba su kai na Abuja ba a 2023, tana da sanatoci uku, wakilai biyar, gwamna da majalisar dokoki.

Bakano ko Bakatsinen da ke zaune a Abuja yana da jihar da zai koma neman tallafin karatu ko takara. Ɗan asalin Kuje ba shi da wata jihar.

An samu ɗan ci gaba. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da lauya Musa Baba-Panya ya shigar, ta yanke cewa 'yan asalin Abuja na da haƙƙin samun kujerar minista kamar kowace jiha. Sai a 2023 hakan ta tabbata, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Zephaniah Jisalo Ministan Ayyuka na Musamman. Ƙudurin ba Abuja zaɓaɓɓen magajin gari kuwa an sha kai shi majalisa, bai zama doka ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu goyon bayan tsarin da ake kai na cewa an gina Abuja ne da dukiyar ƙasa baki ɗaya domin ta zama ta kowa. A ganinsu, da zarar an mayar da ita jiha ko an ba wasu fifiko a kan fili, za ta faɗa rikicin ɗan ƙasa da baƙo irin wanda ya addabi Jos. Suna kuma nuni da cewa wasu da aka ba gidaje sun sayar sun koma inda aka tashe su.

Ƙungiyoyin 'yan asalin, irin su OIDA, na amsa cewa ba korar kowa suke nema ba. Buƙatunsu su ne takardar mallakar ƙauyukan da suka rage, gona a madadin gona, da jin ta bakinsu kafin a rusa ko a raba.

Me dokokin duniya suka ce?

A ranar 13 ga Satumba, 2007, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin 'yan asalin ƙasa, wadda ta hana tayar da su daga ƙasarsu ba tare da yardarsu da kuma diyyar adalci ba. Najeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Ƙasashen Afirka da dama sun yi ta jayayya cewa ai duk ɗan Afirka ɗan asali ne a nahiyarsa. Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuwa, wadda ke ɗaure ƙasar da ta sa hannu, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce kaɗai ta tabbatar da ita a nahiyar.

Sai dai akwai wata ƙofa. A 2017 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta samu Kenya da laifin take haƙƙin ƙabilar Ogiek da ta kora daga dajin Mau. A 2022 ta umarci a biya su diyya, a kuma ba su takardar mallakar ƙasarsu. Kotun ta dogara ne da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983.

Darasin Ogiek na da ɗaci: a ƙarshen 2023 jami'an Kenya sun sake rusa musu gidaje duk da hukuncin. A Abuja ma sai da aka shafe shekara biyar kafin hukuncin kujerar minista ya yi aiki.

Maganar ƙasa ta fi wannan wuya, domin tana cikin kundin tsarin mulki. Gyara Sashe na 297 na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. A cikin majalisun da za su yanke wannan hukunci, babu ko ɗaya da 'yan asalin Abuja ke da kujera a matsayin jiharsu.