Tun Ran Gini, Ran Zane: Raba Faifan Kwamfutar Gida Kafin Komawa Linux

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, kuma ƙarin wa'adin gyare-gyaren tsaro da ya buɗe wa masu amfani a gida bai wuce 13 ga Oktoba, 2026 ba. Kwamfutocin ba su mutu ba; suna nan suna aiki. Sai dai duk wata kafa da 'yan kutse za su gano nan gaba, babu mai toshe ta. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan, abin da tsofaffin kwamfutocin gwanjo da dama ba su da shi.

Wannan ya sa ma'aikacin da ba ya son taɓa albashinsa don sayen sabuwar na'ura yake waiwayen Linux, buɗaɗɗiyar manhajar gudanarwa wadda Linus Torvalds ya fara rubuta ginshiƙinta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Nau'o'inta irin su Ubuntu, Linux Mint, Debian da Fedora kyauta ake saukar da su, kuma suna tafiya lafiya a kan na'urorin da Windows 11 ta ƙi.

Ɗora manhajar ba wuya. Haɗarin yana cikin shafi guda da ke fitowa a tsakiyar aikin, inda ake tambayar yadda za a yi da faifan ajiya. Zaɓi mafi sauƙi a shafin shi ne a goge faifan baki ɗaya. A kwamfutar gidan ma'aikacin tarayya kuwa, abin da za a goge ya haɗa da hoton takardar ɗaukar aiki, takardun ƙarin girma, takardun albashi na IPPIS, shaidar haihuwa, kundin binciken digirin yara da hotunan biki. Wasu daga cikinsu su ne za a nema lokacin tantancewar fansho, ranar da mutum ya kusa cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki.

Faifai tamkar fili ne

Faifan ajiya kamar fili yake, rabonsa kuma kamar ja masa katanga ne. Kowane sashe yana zaman kansa, ana iya rushe ɗaya a sake gina shi ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba. A farkon faifan akwai ɗan jadawali da ke nuna iyakar kowane sashe. Tsohon tsarin jadawalin, MBR, yana ɗaukar manyan sassa 4 ne kawai, kuma ba ya iya amfani da fiye da kimanin terabayit 2. Sabon tsarin, GPT, wanda ke tafiya da kwamfutoci masu UEFI, yana ɗaukar sassa har 128 a bisa al'ada. Sanin wanda kwamfuta ke kai shi ne matakin farko, domin idan za a haɗa Windows da Linux a na'ura ɗaya, ya kamata a ɗora su duka a yanayi iri ɗaya.

Linux ba ta amfani da sunayen C da D. A wurinta faifai na farko sda ne, ko nvme0n1 idan na zamani ne, sassansa kuma suna ɗaukar lambobi. Mai aikin da ya rikita sda da sdb na iya goge faifan da ya ajiye kwafinsa a ciki. Saboda haka girman faifai da sunan kamfaninsa ake dubawa kafin a danna komai, kuma abin da ya fi shi ne a zare duk wani faifan waje da ba a buƙata.

Sassa huɗu da ya kamata a sani

Na farko shi ne sashen EFI, ɗan ƙaramin zaure da kwamfuta ke fara shiga idan an kunna ta. Ana tsara shi da FAT32, kuma megabayit 500 zuwa gigabayit 1 ya wadatar. Idan Windows na nan, ta riga ta ƙirƙiri nata. Da shi za a yi amfani, ba a goge shi.

Na biyu shi ne tushe, wanda alamarsa ita ce /. A nan manhajar kanta ke zama. Ubuntu na neman gigabayit 25, Linux Mint na neman 20, amma wannan mafi ƙaranci ne. Manhajojin da ake saukarwa ta Snap ko Flatpak suna da cin wuri, haka ma hotunan tsari da Timeshift ke ɗauka. Gigabayit 60 zuwa 80 ya fi kwanciyar hankali. Ubuntu da Mint suna tsara shi da ext4, Fedora kuma ta koma Btrfs tun 2020.

Na uku shi ne /home, ɗakin da takardu, hotuna da saitunan kowane mai amfani ke zama. Wannan shi ne jigon maganar. Idan yana sashensa daban, ranar da manhajar ta lalace ko aka so sauya Mint da Debian, sai a sake ɗora tushe kawai, a nuna wa mai ɗorawa tsohon /home, a tabbatar ba a sa alamar gogewa a kansa ba. Takardu za su tsaya inda suke.

Na huɗu shi ne swap, wurin da kwamfuta ke jibge aiki idan ƙwaƙwalwar RAM ta cika. Tun 2017 Ubuntu ta koma amfani da fayil maimakon sashe na musamman, kuma wannan ya ishi yawancin gidaje. Wanda kawai ke buƙatar babban swap shi ne mai son kwamfuta ta adana aikinsa ta mutu gaba ɗaya, ta dawo inda ya tsaya. Shi zai ware aƙalla daidai girman RAM ɗinsa.

Lissafi a kan takarda

Faifan da aka rubuta masa gigabayit 256 yakan nuna kimanin 238 a Windows, domin masu ƙera shi da dubu-dubu suke ƙirga, manhajar kuma da 1,024. Idan Linux ce kaɗai za ta zauna a kansa, ana iya bai wa EFI gigabayit 1, tushe 70, saura duka ga /home.

Gidan da har yanzu ke buƙatar Windows, misali don wata manhajar aiki da ba ta da takwara a Linux, zai fi jin daɗi da faifai mai gigabayit 512, wanda ke nuna kimanin 476. A bar wa Windows 150, tushen Linux 70, /home 100, ragowar kuma a mayar da shi sashen tarayya mai tsarin NTFS. Dalili shi ne Linux na karanta NTFS kuma tana rubutu a ciki, amma Windows ba ta buɗe ext4 kai tsaye.

Wannan tsari ba na kowa ba ne. A faifai mai gigabayit 128 ko ƙasa, katanga kan zama matsi: tushe ya cika alhali /home na da fili, ko akasin haka. A irin wannan hali sashe ɗaya ya fi, tare da yawaita kwafi a waje.

Tarkuna uku a ɓangaren Windows

Na farko BitLocker ne. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba. Sauya tsarin kunnawa na iya sa Windows ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Sai a nemo shi a asusun Microsoft, a rubuta a takarda, kafin a taɓa komai.

Na biyu shi ne Fast Startup, wanda ke sa Windows ta yi rabin barci maimakon ta mutu. Idan ba a kashe shi ba, Linux za ta buɗe sashen tarayya don karatu kawai, ko ta ƙi buɗe shi.

Na uku shi ne rage girman Windows. An fi so a yi shi daga cikin Windows ɗin, da Disk Management. Matsar da sashe mai cike da bayanai da GParted kan ɗauki dogon lokaci, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya ana iya rasa sashen. Kwamfutar tebur na buƙatar UPS ko inbata. Ta tafi-da-gidanka kuma ta kasance da lafiyayyen batir a cike.

Katanga ba ta hana gobara

Raba faifai yana kare takardu daga lalacewar manhaja, amma ba ya kare su daga mutuwar faifan kansa, ko ɓarawo, ko kuskuren yatsa. Sassan duka a kan ƙarfe ɗaya suke. Timeshift ma, a saitinta na asali, fayilolin manhaja take adanawa, ba takardun mutum ba. Don haka kafin a fara, a kwafe komai zuwa faifan waje, a buɗe wasu fayiloli a wata kwamfutar don tabbatar da suna buɗewa, sannan a zare faifan a ajiye.

Ga mataimaka na musamman da sakatarori da kan tafi da daftarin wasiƙa ko jadawalin maigida gida, akwai ƙarin magana. Linux na da tsarin kulle faifai mai suna LUKS, kuma lokacin ɗora manhaja ne ya fi sauƙin kunnawa. Idan an sace na'urar, ɓarawo ba zai karanta komai ba. Idan kuma mai ita ya manta kalmar sirrin, shi ma haka. Kwamfutar da ofis ya bayar kuwa dukiyar gwamnati ce, sauya mata manhaja hurumin sashen fasahar sadarwa na ma'aikatar ne.

Linux na ba da damar a gwada ta daga filash ba tare da an taɓa faifai ba. A nan ake duba ko Wi-Fi da firinta suna aiki, ko LibreOffice na buɗe takardun ofis yadda ya kamata. Wanda zai kai na'urarsa wurin mai gyara, a Banex Plaza da ke Wuse 2 ne ko a unguwarsa ta Kubwa ko Nyanya, zai fi samun abin da yake so idan ya je da takarda mai ɗauke da sunan kowane sashe, girmansa, da wanda ba a yarda a goge ba. Kwafinsa kuma ya bar shi a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.